Ɗingishin Aro

Kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Ba likita ba ne, ba mai ba da kati ba ne, ba kuma dangin da suka cika mana ɗaki da saiwoyi ba ne, ko da yake kowannensu zan ɗan taɓa shi in an zo wurin. Sunana Modu, haihuwar Daura, Babarbare ta wajen kaka, tsohon masinja, mai ilimin aji uku na elementare wanda na yi shekara hamsin ina ci da shi kamar digiri. Na rubuta wannan ne domin duk wanda Allah ya haɗa da maƙwabci mai ciwon ƙafa, zuciyarsa kuma ta fara yi masa ƙaiƙayin taimako, ya zauna ya karanta tukuna kafin ya miƙe.

Maƙwabcin nawa shi ne Alhaji Buba, Bafulatani, dillalin shanu. Katanga ɗaya ce ta raba mu shekara arba'in. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Babarbare da Bafulatani. In na fito da safe sai in ce, "Bawana, an tashi? Ina nonon ubangidanka?" Shi kuma ya ce, "Wa ya kwance Babarbaren nan tun ban zuba masa dusa ba?" Gaisuwarmu ke nan. Ko ranar da aka rufe mahaifiyata, bayan ya yi mini ta'aziyya yadda ya kamata, sai da ya raɗa mini cewa kada in damu, zai riƙe ni, tunda dai dukiyarsa ce ni. Na yi dariya a ranar da ban zaci zan yi ba.

Mutum ne mai fulako na gaske. Ban taɓa ganin ya ci ko gyaɗa a titi ba. Wani sa ya taɓa take masa ƙafa a kara, wato kasuwar shanu, har farce ya fita, ya tsaya ya ƙarasa cinikin, sannan ya tambaya ko akwai mai tsumma. In ya fitar da zakka, ta ƙofar baya ake kai wa mutane, a buhun da ba shi da suna. Wannan mutumin ne na zauna na tsara yadda zan taimaka.

Abin ya same shi ranar wata Lahadi a kasuwar Mai'adua, cikin shekarun nan da aka fara shari'a a jiharmu. Yana duba haƙoran wani bijimi sai sanda ta faɗi daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Waɗanda ke wurin sun ce bakinsa ya karkace, magana ta zama kamar ta mai tuwo a baki. A bayan a-kori-kura aka kawo shi, kwance kan buhunan dusa. Babban ɗansa yana Legas da lodin shanu, sauran 'ya'yan mata ne a gidajen mazajensu, don haka ni na zama namijin jinya, matarsa Hajiya Dije tana daga ciki.

Satin farko a asibiti muka yi shi. Layin kati kaɗai ya cinye mini rabin yini, a kan benci mai ƙusa, sai da na kai gaba aka ce mai hatimi ya tafi salla. Da ya dawo na ga goro a bakinsa, amma ban yi masa shaida ba, wataƙila a sahu aka ba shi. Likitan kuwa Allah ya saka masa, yaro ne mai natsuwa. Ya ce hawan jini ne ya daɗe yana cin Alhaji ba a sani ba, har ya shanye masa ɓarin hagu. Dangi suka ce iska ce ta buge shi a gindin tsamiyar kasuwa. Ni da nake ɗan boko na tsaya tsakiya, na ce hawan jini ne amma iska ta taimaka.

A satin nan na fara ɓata abin, ban kuma sani ba. Na ga mutumin da ko tari ba ya yi gaban surukai an kwantar da shi, ana kawo masa fo, ana juya shi kamar buhu. Tausayi ya kama ni, sai na ajiye wasa. Na shiga ce masa, "Sannu Alhaji. Ranka ya daɗe, ya jikin?" Ina ɗaga murya kamar kunnen ne ya shanye. In likita ya tambaye shi inda ke ciwo, ni nake amsawa. Ya riƙa kallona da idon nan nasa mai lafiya, ni kuma na ɗauka godiya ce.

Sati na biyu aka sallame mu, gida ya zama kasuwar magani. Ƙaninsa ya taso daga garin Babban Mutum da wanzami, aka yi masa ƙaho a kafaɗa har sau biyu. Wata gwaggo ta kawo kitsen damo. Wani ya kawo ruwan rijiyar Kusugu a galan, wani ɗan'uwan mai ɗan gajeren wando ya ce shirka ce, aka yi ta musu a kan majinyaci har ya yi barci ya farka. An kawo wani man shafawa ta Kongolam, bakin iyakar Nijar, rubutun jikinsa da Faransanci, aka miƙo mini in karanta tunda ni ne mai ilimi. Na juya kwalbar, na gyara tabarau, na ce a shafa safe da yamma. Har yau ban san ko na mutane ne ko na dawaki ba. Bijimi biyu suka tafi a tsakanin asibiti da waɗannan.

Sati na uku muka fara zuwa gashin ƙashi a asibiti, Talata da Alhamis, a motar haya. Mai gashin wani dogo ne mara yawan dariya, ya faɗi magana biyu da suka zauna mini, ko da yake sun zauna ne bayan na gama take su. Ya ce, "Ƙafa mantuwa gare ta. In ba a taka ta ba, za ta manta da aikinta, in ta manta har wata shida, da wuya ta tuna." Ya kuma juyo ya dube ni, ni musamman, ya ce, "Baba, kada ku yi masa abin da zai iya yi da kansa. Ko hula ce, ku bar shi ya yi fama da ita."

Na ce to. Muna fita na sa masa hular.

Ni nake ba shi fura a baki, alhali hannun damansa lafiya lau. Ni nake riƙe masa buta. In baƙi sun zo dubiya, ni nake ba su rahoto, da jerin abin da ya ci da abin da ya fitar, shi yana zaune yana kallon bango. Wata rana matata Yagana ta ce, "Malam, mutumin nan fa da ransa." Na ce mata harkar jinya ilimi take so.

Duk da ni, ya samu sauƙi. Sati na biyar magana ta dawo, sai ɗan nauyi. Sati na shida ya miƙe da sandar nan ta ƙarfe mai ƙafa huɗu. Sati na bakwai ya fito zaure da kansa, yana jan ƙafar, gumi har gemu, ya zauna a bakin ƙofa yana kallon masallaci. Daga ƙofarsa zuwa masallacin unguwa taku arba'in ne, na taɓa ƙirgawa. Ya ce, a hankali, kamar da kansa yake, "Kafin azumi." Da na bar shi, da ya kai.

To, a lokacin nan kowace unguwa ta cika da kwamitoci. Namu sunansa kwamitin zakka da taimakon gajiyayyu, ni ne sakatare, saboda ni kaɗai ne dattijon da ke iya ja wa takarda layi da rula. Wani attajiri ya ba da kekunan guragu, irin masu ƙafa uku da ake murzawa da hannu, aka ce kowane sakatare ya kawo sunaye. Na zauna na yi tunani mai zurfi irin nawa. Na ce Buba ba zai taɓa roƙo ba, in na tambaye shi zai ƙi, saboda haka alheri shi ne kada in tambaye shi. Na rubuta sunansa na farko, na ja masa layi biyu. Ko a raina bai zo ba cewa keken hannu biyu yake so, mutumin kuwa ɗaya gare shi.

Ranar rabo ta faɗo Talata. Na shigar da shi mota kamar za mu gashi, na raɗa wa direba ya karya ta filin makarantar firamare. Muka tarar da rumfuna, da kujerun roba, da mai ɗaukar hoto, da lasifika biyu a kan sandar gora waɗanda ake ji har bakin kasuwa.

Ya ce, "Modu, nan ina ne?"

Na ce, "Alheri ne, ranka ya daɗe. Kai dai ka zuba ido."

Aka zaunar da shi a layin masu karɓa. A layin nan akwai mutum aƙalla huɗu da buhunsa mara suna yake shiga gidajensu duk shekara, kuma kowa ya san buhun na wane ne, ana dai yin shiru ne. Suka sunkuyar da kai. Sarkin guragu na yankinmu, mutum mai raha, bai yi nufin komai ba, ya jawo jiki ya miƙa masa hannu ya ce, "Maraba da Alhaji. Ashe kai ma ka iso? Mun yi babban kamu."

Sannan lasifika ta buɗe, da takardata a hannun mai sanarwa. Ya karanta yadda na rubuta, bai rage ko ɗigo ba: "Na ɗaya, Buba dillali, gajiyayye, shanyewar ɓarin jiki, ba mai kula da shi sai maƙwabci."

Wannan na ƙarshen na ƙara ne don takardar ta yi ƙarfi.

Da ya zage ni a wurin, da na ji sanyi. Bai yi ba. Ya bari aka ɗaga shi aka ɗora a kan keken, aka ɗauki hoto, ni ina tsaye a bayansa ina washe baki. Aka ce ya ɗan murza a gani. Ya murza da hannu ɗaya, keken ya juya a wuri ɗaya kamar jakin da aka ɗaure a turke, wasu suka yi dariya suka haɗiye. Ya yi wa attajirin godiya, ya shafa fatiha tare da kowa. Da muka iso ƙofar gida na kai hannu zan kama shi, ya ce, "Na gode, Malam Modu. Allah ya ba da lada."

Shekara arba'in bai taɓa ce mini Malam ba.

Daga ranar ya shige ɗaka. Alhamis na zo da mota, Hajiya Dije ta yi magana daga bayan labule, ta ce, "Ya ce yana barci." Talata ma haka. Na ce a gaya masa mai gashi yana tambaya. Ta ce, "Malam, mai gashi bai karanta sunansa a lasifika ba. Amma hanyar asibiti ta kasuwa take bi, ya ce ba zai iya haɗa ido da mutane ba." Sannan ta ƙara, "An ce ba mai kula da shi. Ni da nake wanke masa zane sau uku a yini, ban san ba na nan ba sai da aka faɗa wa gari."

Na tsaya a zauren nan kamar an zuba mini ruwan sanyi. Keken yana jingine a lungu, kaza har ta fara ƙwai a kan kujerarsa.

Sati biyar ya yi a kwance. Labari yana zuwa mini ta wajen Yagana, don mata ba su daina shiga wa juna ba. Sati na farko ya daina fitowa zaure. Na biyu ya ajiye sandar ƙarfen. Na uku ƙafar ta fara sandarewa, ba ta lanƙwasuwa sai da ƙyar. Na huɗu fatar ƙugunsa ta fara ja, alamar gyambon kwanciya. Ina ƙirga watanni a yatsa, ina tuna wata shidan mai gashi, mun ci uku. Na aika liman, aka karɓe shi da mutunci aka sallame shi da mutunci. Na rubuta takardar ban haƙuri shafi biyu, da "bayan gaisuwa mai yawa" da komai, aka dawo mini da ita an naɗe goro biyu a ciki.

Na ce wa Yagana, "Ni fa alheri na nufa."

Ta ce, "Ai ba keken ne farko ba. Shekara arba'in kana kiransa bawanka, bai taɓa ɓata rai ba. Tun ranar da ka fara ce masa ranka ya daɗe ya san ka gama yi masa wanka, likkafani kawai kake jira. Keken kuwa, makara ce ka kawo."

Ban ci tuwo ba a ranar. Ita ta ci nata da nawa.

Abin da ya buɗe ƙofa ba dabarata ba ce, kada wani ya ba ni lada. An yi ruwa, na fito alwala, santsi ya kwashe ni a bakin kwata, na yi targaɗe a idon sawun dama. Na yi ihun da aka ji a gida uku, ni ba Bafulatani ba ne. Maɗori ya ja, ya ɗaure, ya tafi. Washegari Hajiya Dije ta leƙo wajen Yagana da saƙo, tana rufe baki da mayafi. Ta ce, "Wai in tambaya, da gaske ne bawansa ya karye? Wai in haka ne asara ta same shi, don ko lafiya lau ba a taya shi da daraja ba."

Ban san sanda na miƙe ba. Na dogara taɓaryar Yagana, na yi ɗingishi har ɗakinsa, ban jira izini ba. Ya rame, gemu ya yi fari fat, ɗakin yana warin man zafi. Bakina ya ɗauko "sannu", na danne shi da ƙyar.

Na ce, "Kai, Bafulatanin banza, ubangidanka ya faɗi, kana kwance kana aike?"

Ya dube ni ya dubi ƙafar. Ya ce, "Ga keke can a zaure. Ka kori kazar ka hau."

Na haɗiye wannan, don na ci bashinta. Na zauna a bakin gado na ce masa gaskiya ina cikin matsala. Kwana biyu ban je jam'i ba. Matasa sauri gare su, in na kama kafaɗarsu ja na suke kamar akuya, ni kuma kunya nake ji a gan ni ina tangaɗi ni kaɗai a titi. Ya lumshe ido har na zaci ya koma barcin nan nasa na aike. Can ya ce, "Dije, miƙo mini ƙarfen nan. Babarbare zai mutu ba salla, a ce ni na bar shi."

La'asar ɗin ranar ba mu kai ko'ina ba, a zaure muka zube. Kwana uku muna kaiwa bakin ƙofa. Rana ta shida muka yi taku arba'in ɗin, hannuna a kafaɗarsa ta dama, nauyinsa a kaina, kowa yana cewa shi ne yake riƙe da wani. Mun isa ana sallamewa. Yana tafe yana zagina, wai nauyina kamar na saniya mai ciki, ina ramawa, mutanen da ke bakin masallaci suna dariya, ba wanda ya ce masa sannu. Aka ajiye mana kujeru biyu a ƙarshen sahu.

Ga inda zan tona kaina. Targaɗen nan kwana takwas ya yi ya warke sarai. Na duba ƙafata, na duba tasa, na ga in na warke ya koma ɗaka. Sai na ƙara ɗaure bandeji. Na ci gaba da ɗingishi, safe da yamma, da nishi, da cije leɓe. Na ce masa maɗori ya ce in riƙa zuwa gashi, ko zai raka ni. Muka koma Talata da Alhamis, ta cikin kasuwa, shi a gaba kusa da direba yana ɗaga wa mutane hannu, a matsayin mai kai Babarbare asibiti. Mai gashi ya taɓa idon sawuna sau ɗaya, ya dube ni, ya ce in zauna can kan benci in riƙa juya shi.

Salla ce ta dame ni. Lafiyayye yana salla a zaune, ga shi ana zamanin da kowa ya zama mai fatawa. Na sami liman a keɓe na ce wani abokina ne yake tambaya. Ya daɗe yana kallon bandejina, ya ce, "Ka gaya wa abokin naka ya riƙa ramawa." Haka na koma salla goma a yini, biyar a kujera, biyar a ɗaka a tsaye, har gwiwoyina suka fara ciwon gaske. Yagana ta ce wannan ne karo na farko da ta ga ƙarya ta ƙara wa mutum ibada.

Wata biyu muna haka. Gyambon bai buɗe ba, ya bushe. Ƙafar ta tuna aikinta, ba duka ba, har yau yana ɗan jan ta, hannun hagun kuma bai dawo ba sai yatsu biyu. Amma ya ajiye ƙarfen ya koma sandarsa ta kiwo, ya yi azumi a sahu, ya fara maganar komawa kara. Keken kuwa, ƙaninsa ya ɗauka ya kai wa wani mai shan inna a Babban Mutum, wanda aka tambaya tukuna ko yana so.

Ban taɓa samun bakin ba shi haƙuri ba. Duk sanda na ɗauko, sai ya tambaye ni farashin dusa.

Ranar da abin ya ƙare, muna dawowa daga la'asar ne, mu biyu, hannuna a kafaɗarsa. Wani ɗan acaɓa ya shawo kwana a guje. Ban yi shawara da kowa ba, na saki kafaɗar, na tsallake kwata da tsalle ɗaya kamar ɗan shekara ashirin, na dira a kan ƙafa biyu. Shi ko gezau, ya ɗan matsa gefe da sandarsa, babur ya wuce. Sai na tuna ni majinyaci ne. Na tsallako a hankali, na kama nishi, na ci gaba da ɗingishi.

Muka yi taku biyar. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Dama ce, Modu. Ka koma hagu."

Na tsaya. Na ce, "Ciwon ne yake yawo."

Ya ce, "Shekara arba'in ina kama masu ɓoye ɗingishin saniya a kara. Kai ne na farko da na gani yana ɓoye lafiya, kuma ba ka iya ba. Tun kwana na takwas ka warke."

Kunya ta rufe ni tun daga hula har bandeji. Na tuna nishin da na yi ta yi, da sallolin da na rama, da taɓaryar Yagana. Sai kuma na ji haushi, irin haushin wanda aka kama, na ce, "To kai da ka sani, wata biyu cur, ka bar ni ina wahala? Me ya hana ka faɗa?"

Ya gyara riƙon sandarsa, ya miƙo mini kafaɗa kamar kullum.

Ya ce, "A wace lasifika? Ni ba sakataren kwamiti ba ne."